Yaya kuke yanke bodin motar rimot ba tare da gefen taya ya yi zaƙo-zaƙo ba?

Mai_Rimot:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ina neman shawara. Na haɗa shasin motata TT-02 ta kamfanin Tamiya tsaf, saura bodi kawai, irin robar nan mai garai-garai da ake cewa Lexan. Jiya na ɗauki almakashin gida na fara yanka ta ƙasa, wurin da layi ya miƙe ba matsala, amma da na zo zagayen tayar baya sai almakashin ya ƙi juyawa, robar ta yi fari-fari a wurin, gefen ya fito kamar haƙoran zarto, har da ƴar tsaga kamar rabin farce. Wallahi raina ya ɓaci sosai don na daɗe ina jiran bodin nan. Saura taya uku ban taɓa ba. Me zan yi? Kuma fenti ake fara yi ko yanka?

Baban_Shasi:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ajiye almakashin nan tukuna, bakinsa dogo ne kuma miƙaƙƙe, ba zai taɓa bin kwana ba. Akwai ɗan ƙarami mai lanƙwasasshen baki da aka yi don wannan aikin, amma ni gaskiya na fi son wuƙa. Ka sa sabuwar reza a ƴar wuƙar X-Acto, mai lamba 11, ka bi layin da aka zana a jikin bodin a hankali, sau ɗaya tak, ba so kake ka ratsa ba, karce kawai za ka yi. Kaurin robar wajen milimita 1 ne, karcen ya ishe ta. Sai ka tsaga rarar da almakashi daga ƙasa har zuwa layin wuri biyu ko uku, ka lanƙwasa ta baya, za ka ji ta yi ƙas, ta ɓalle a kan layin sumul kamar daga kamfani. Abu ɗaya dai, kar ka maimaita karcen, in reza ta zame ta yi layi biyu to robar na iya bin wanda ba shi kake so ba. Yatsanka kuma kar ya zo gaban reza.

Ummu_Drift:
Yanka da huji kafin fenti, malam. Tunda fentin ta ciki ake fesawa, in ka riga ka fesa ba za ka ƙara hango sandunan da ke riƙe bodin ba, sai lalube. Yanzu da yake garau ka kifa shi kan motar, ka daidaita tsakiyar tayoyi, ka ɗiga alama da alƙalamin maka a kan ledar da ke manne ta waje, ai daga ƙarshe ɓare ta za ka yi. Kuma dan Allah banda injin huji, yana cafkar robar ya yaga ta. Rima ake sawa, ƙarfen nan mai tsini da ke ƙara faɗi, kana murzawa kana gwadawa har sandan ya shige, yawanci wajen milimita 6 ne.

Mai_Rimot:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To wurin da na riga na ɓata fa? Tsagar ce ke damuna.

Baban_Shasi:
In tsagar ba ta wuce layi sosai ba, naɗa samfefa a jikin gwangwani ko wani bututu mai faɗin kusan tayar, ka goge zagayen har ta ɓace, sai ka goge ɗaya gefen daidai da shi don kar su bambanta. In ta shiga ciki, yi mata ɗan mitsitsin huji a daidai inda ta ƙare, nan za ta tsaya, bayan fenti ya bushe ka shafa gam ɗin nan Shoe Goo ta ciki da ɗan ƙyallen raga. Duk wata kusurwa mai kaifi ma ka goge ta ta zama zagaye, daga nan tsaga ke farawa in mota ta daki bango. Kafin ka ce ka gama, karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, ka danna motar ƙasa, in taya ta taɓa bodi ka ƙara gogewa.

Ummu_Drift:
Ka wanke cikinsa da sabulun wanke-wanke ya bushe kafin ka fesa, maiƙon hannu na hana fenti kamawa. Ka duba gwangwanin fentin Tamiya ɗin ya zama mai alamar PS ne, wato na Lexan, mai alamar TS na roba mai tauri ne, zai ɓarɓare.