Bubba Wallace gwarzo ne, ko ruwan sama ne ya cece shi?

Baban Khalifa: Jama'a, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a zauren nan shi ne, da an ɗauko zancen tseren mota sai Hamilton, sai Verstappen, kamar duniya babu wani tsere sai Formula 1. Ga Bubba Wallace can a NASCAR ta Amurka, shi kaɗai ne baƙar fata da ke tuƙi cikakkiyar kaka a babban rukuninsu na Cup. Ya ci tseren Talladega a 2021, ya ci na Kansas a 2022, ya ci Brickyard 400 a Indianapolis a 2025. A 1993 aka haife shi, kuma a wannan harkar mutum kan wuce shekara 40 yana ci, ga Denny Hamlin nan shaida. Ni dai na ce gaban yaron nan ya fi bayansa. Gwarzo ne, amma ko sunansa ba ku ambata.

Makanikin Sabon Gari: Gwarzo? Malam Baban Khalifa, a yi hattara da harshe. Nasara uku a shekara nawa? Richard Petty ya ci tsere 200, ya ɗauki kambu sau 7. Idan mai uku gwarzo ne, me za mu kira Petty?

Ɗan Autan Hajiya: Ukun ma a cire ɗaya. Ta Talladega ruwan sama ne ya ba shi. An tsayar da tseren a zagaye na 117 cikin 188, aka tarar shi ne a gaba, shi ke nan.

Baban Khalifa: To me ya hana sauran su kasance a gaba? Kowa ya ga hadari, kowa ya san za a iya tsayarwa, duk suka yi ta kokawar shiga gaba, shi ya riga su. Ruwan a kansa shi kaɗai ya zuba?

Maman Hanifa: Ni a fahimtata ba yawan kofi ke sa a ce wa mutum gwarzo ba. A 2020 shi ya fito fili ya nemi a hana ɗaga tutar 'yan Kudun ƙasar Amurka masu kare bautar da bayi a zamanin da a filayen tsere, NASCAR kuwa ta hana. Ya san cikin 'yan kallonsa akwai masu son tutar nan, ya faɗa duk da haka. Kafin shi, baƙar fata na ƙarshe da ya ci tsere a wannan rukuni shi ne Wendell Scott a 1963, shi ma a ranar wani aka fara sanarwa a matsayin wanda ya ci.

Makanikin Sabon Gari: Hajiya, wannan jarumta ce, ba gwarzantaka ba. Jarumi daban, gwarzo daban.

Maman Hanifa: Bambancin me? A gaya mini.

Makanikin Sabon Gari: Gwarzo sai ya kayar da kowa. Ko a gasar makaranta wanda ya zo na ɗaya ake ce wa gwarzo. Bubba ya zo na biyu a Daytona 500 a 2018, ya sake zuwa na biyu a 2022. Na biyu dai na biyu ne.

Kawu Direba: Ku yara kuna ta musu a kan mutumin da aikinsa juya sitiyari hagu kawai. Zagaye, zagaye, hagu, hagu. A ba shi tirela cike da kaya daga Legas zuwa Maiduguri mu ga gwarzantakar.

Baban Khalifa: Haba Kawu, da girmanka. Gudun kusan kilomita 300 a awa fa ake yi a Talladega, motoci kusan 40 a cunkushe, hancin wannan a bayan waccan. A cikin motar kuma zafi kamar Sakkwato a watan Afrilu, na awa uku ko fiye. Dale Earnhardt da ya ɗauki kambu 7, a zagayen ƙarshe na Daytona 500 ya rasu a 2001. Hagun kenan.

Kawu Direba: Ban raina mamaci ba, ɗana. Amma hanyarsu babu rami, babu shingen bincike.

Ɗan Autan Hajiya: A bar batun hagu. Kuɗin Michael Jordan na ƙwallon kwando ne ke ɗauke da shi. Shi da Hamlin suka kafa ƙungiyar tsere ta 23XI, suka ɗora Bubba a Toyota mai lamba 23. Tyler Reddick a gida ɗaya suke, ya zo daga baya, ya fi shi cin tsere.

Yaya Babba: Jordan ɗin da LeBron ya wuce?

Ɗan Autan Hajiya: Yaya, kar ka fara. Kofi 6, bai taɓa faɗuwa a wasan ƙarshe ba.

Yaya Babba: Wa ya fi yawan maki a tarihi?

Makanikin Sabon Gari: Ni Toyotar ma ban yarda da ita a wannan tsere ba. Suna ne kawai Camry, a ciki injin V8 ne da ba za ka taɓa gani a Camry ta kasuwa ba.

Maman Hanifa: Har yanzu ba a ba ni amsa ba. Kuma wanda ke cewa ruwa, a Indianapolis Kyle Larson ya bi shi har layin ƙarshe bai kamo shi ba.

Ɗan Autan Hajiya: Larson ɗin da Bubba ya buge motarsa da gangan a Las Vegas a 2022, har aka dakatar da Bubban tsere ɗaya? Gwarzon fushi dai.

Baban Khalifa: Ni tambayata ina yaron zai kai nan gaba, ko zai iya ɗaukar kambu. Ba wanda ya taɓa wannan.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. An yi ittifaƙi cewa Bubba Wallace yana ƙoƙari daidai gwargwado, amma kalmar gwarzo ta yi masa yawa. Hajiya ta kawo tarihi, mun gode. Kawu ya faɗi gaskiya a kan hagu. Maganar Jordan da LeBron a kai ta zauren ƙwallon kwando, kodayake kowa ya san Jordan ne. Mai neman gwarzo baƙar fata a tseren mota, ga Lewis Hamilton da kambu 7 da nasara fiye da 100. Na rufe wannan batu, gobe sai mu duba halin da Ferrari ke ciki.

Maman Hanifa: Ittifaƙin da wa aka yi shi, Yallaɓai?