Wa ya taɓa haɗa tukunyar lantarki ta tace ruwan batir a gida?

Mai shagon caji: Assalamu alaikum jama'a. Batira huɗu gare ni irin na ruwa a kan inbata, kuma na gaji da sayen ruwan batir da ban san daga ina aka ɗuro shi ba. Ina so in haɗa tukunya da hita a ciki, tururi ya bi ta bututu ya huce ya koma ruwa. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari, daɗi da wuya.

Mai gyaran wuta, Kaduna: Wa alaikumus salam. Na haɗa ɗaya bara. Tukunyar ƙarfe marar tsatsa mai cin lita 20 na samo a kasuwar Panteka, mai walda ya huda mini gefenta can ƙasa, na saka hita mai wat 1,500 da robar da ke hana yoyo. Ka fara da lissafi, Malam. Lita ɗaya tana cin wuta kusan yuniti 0.7 kafin ta ƙare da zama tururi, don haka hita irin tawa abin da za ta ba ka bai wuce lita biyu da ɗan wani abu a awa ba. Tun da aka ƙara kuɗin wutar Band A, wato layin da ya fi samun wuta, a Afrilun 2024, yuniti ya haura naira 200, kenan lita tana tashi wajen naira 150. Idan wuta ta zo ba ƙarfi kuwa, a ce ƙarfinta ya sauko volt 180 maimakon 230, zafin hitar bai kai wat 1,000 ba, sai ka wuni kana kallon ɗigo kamar mai jiran gawon shanu.

Abin da na fi so ka ji shi ne wayar ƙasa, wato wayar da ke kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa don kada ta kama mutum. Ranar gwajin farko ban ɗaure ta a jikin tukunyar ba, na ce ai gwaji ne. Ruwa ya tsattsafo kan bakin hitar, na kai hannu murfi, wuta ta fizge ni har na zubar da bokitin. Ni da nake gyara wa mutane! Yanzu akwai wayar ƙasa, waya mai kauri 2.5, fulogi mai fis na amp 13, kuma na rufe bakin hitar da akwatin roba.

Hajiya mai turare: Ni ba ruwan batir nake yi ba, ganyen na'ana'a da ciyawar lemun nake turarawa in tari ruwan ƙamshinsu, amma tukunyar iri ɗaya ce. Hita biyu na ƙona. Duk sakaci ne: ruwa ya ja ƙasa, hitar ta fito fili, ko minti biyu ba a yi ba ta mutu. Yanzu na yi wa tukunyar alama, ba na barin ruwa ya sauka ƙasa da yatsa uku a saman hitar. Sannan ɗana, kada ka kuskura ka sa famfo a bututun da tururi ke fita. Hanyar nan a buɗe take zama kullum, in ta toshe tukunya bam ce.

Mai shagon caji: Allah ya saka da alheri, Hajiya. To bututun fa? Na ga na jan ƙarfe irin na masu gyaran AC, ya fi araha.

Malamin kimiyya, Jos: Na jan ƙarfe yana saurin hucar da tururi, kuma ga aikin Hajiya ba laifi. Ga batir dai ban so shi ba, domin ruwan da aka tace yana ɗan cin ƙarfen, jan ƙarfe kuma ba abokin batir ba ne. Na koma marar tsatsa, mita uku, na naɗe shi cikin bokitin ruwan sanyi. Kada a liƙe mahaɗa da dalma. Ka riƙa zubar da kofin farko da ya ɗigo. Ka sayi ɗan abin auna tsabtar ruwan nan mai kama da biro, nawa yana nuna 2 ko 3, ƙaramar lamba ita ce alamar tsabta. Wani abin dariya, nan Jos saboda tudu ruwa na tafasa wajen digiri 96, na ɗauka ma'aunin zafina ne ya lalace, har na sayi sabo.

Mai gyaran wuta, Kaduna: Na manta da ruwan burtsatse. Yana barin farin ƙanzo a jikin hitar, ni duk bayan dahuwa biyar nake jiƙa ta da ruwan lemun tsami ta kwana. Ka kuma naɗe tukunyar da tsohon bargo, nesa da wayoyi, za ka ga ɗigon ya ƙaru.

Mai shagon caji: Na gode ƙwarai. Ranar Asabar zan shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman tukunya da bututun. Oga, hitar wat 1,500 ɗin irin wadda ake ɗaurewa kamar noti ce ko irin ta butar shayi?