Ta yaya dattawa za su riƙa sa baki a muhawarar rediyo da saƙon murya?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Dattawanmu ba sa wuce Ra'ayi Riga na BBC Hausa, kuma suna da abin faɗa, amma da yawansu ba sa karanta boko, kiran layi kuwa ba ya shiga. Me za a saita musu a waya har su iya da kansu?

Maman Walida: Wa alaikumus salam. Saƙon murya na WhatsApp ya fi kira, in dai tashar ta bayar da lamba. A ajiye lambar, a maƙala hirar a sama, sannan a fito da ita fuskar wayar, taɓawa ɗaya ta buɗe. Inda aka fi samun matsala shi ne riƙe alamar makirufo. Yatsan tsoho yana rawa, da ya zame hagu saƙon ya goge, da ya ɗaga kuma rabin magana ta tafi. A koya wa Baba ya danna ya ja sama har kwaɗon ya kulle, sai ya saki. Zai iya tsayawa ya saurari kansa kafin ya tura. Minti ɗaya bai kai megabait ɗaya ba.

Injiniya: Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Saura ingancin sauti, don muryar da ba ta fita ba za a sa ta a iska ba. Makirufo yana gindin waya, dattawa kuwa nan suke damƙewa da tafin hannu. A riƙe ta ta gefe, tazarar kamar taƙi ɗaya daga baki. A kashe fanka, a nisanci janareta, a shiga ɗaki mai labule da katifa. Ko kira za a yi, a kashe rediyon gaba ɗaya: sautinsa yana komawa cikin wayar ya haifar da ƙara, kuma jinkirin da ke tsakani yana sa mutum ya ji kansa daga baya ya rikice. Sallama, suna, gari, sai batu guda, cikin daƙiƙa 30 zuwa 40. Doguwar gaisuwa ita ke cinye lokacin, na san da wuya dattijo ya yarda da wannan.

Baƙo daga Maraɗi: Tun 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da Gboard, manhajarsa ta madannan rubutu a waya, ke mayar da magana rubutu, ya dace da tashar da ke karɓar rubutu kawai. Amma a karanta masa kafin a tura, yana kuskuren sunayen garuruwa. Don Allah kuma a ja kunnensu: duk wanda ya kira ya ce daga gidan rediyo yake, yana neman lambobi 6 da aka turo ta tes, WhatsApp ɗin yake son ƙwacewa. A kunna musu tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri a saitin WhatsApp, tun ranar farko.