Wai me ya hana masu agaji su riƙa musayar bayanan marasa matsuguni?

Yar_Gwange:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aikin sa kai da masu kwana a waje a nan Maiduguri, wasu tun ambaliyar Alau ta Satumban 2024 ba su samu komawa gida ba, suna nan a rumfunan kasuwa da kangwaye. Akwai wata baiwar Allah mai yara uku, masu rabon abinci sun rubuta sunanta, asibiti sun rubuta, masu tabarmi da gidan sauro ma sun rubuta, ko ina sai ta sake ba da labarin rasuwar mijinta tana goge ido da gefen hijabi, amma duk cikinsu ba wanda ya san maganin hawan jininta ya ƙare tun tuni. Don Allah a wasu ƙasashe ya suke yi ne?

BakanoALandan:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya saka da alheri. Mu nan Landan akwai rumbun bayanai guda ɗaya, CHAIN, ofishin magajin gari ke ba da kuɗinsa, ƙungiyar Homeless Link ke kula da shi. Ma'aikatan da ke zagaye cikin dare in suka tarar da mutum kwance a ƙofar shago cikin bargo sai su duba ko yana ciki, nan take za su ga wa ya taɓa ganinsa, a wace unguwa, an taɓa kai shi masauki ko a'a, to ba sai an tsare shi da tambayoyi cikin wannan sanyin ba.

Maman_Ilham:
Amurka ma haka ne, HMIS suke ce masa, duk ƙungiyar da ke karɓar kuɗin marasa gida daga ma'aikatar gidaje ta tarayya sai ta shigar da bayananta. Houston sun rage masu kwanan titi fiye da rabi daga 2011 bayan ƙungiyoyinsu sun haɗa kai a tsari ɗaya. Amma fa gidajen da ke ɓoye matan da suka gudo daga dukan miji doka ta hana su saka sunaye a ciki, nasu daban suke ajiyewa, saboda in mijin ya san wani mai shiga kwamfutar ai shi ke nan ya gano ta.

Malam_Bulumkutu:
Wannan na ƙarshen shi ne tsorona wallahi. A 2021 Human Rights Watch ta ce bayanan 'yan Rohingya da aka ɗauka a Bangladesh sun kai hannun gwamnatin Myanmar, wato waɗanda suka koro su. Mu ma akwai wanda sunan ƙauyensu kaɗai ya isa a fara yi masa wani kallo. Dokar kare bayanai ta 2023 tana nan, a tambayi mutum da Kanuri ko Hausa ko ya yarda, kuma mai rabon shinkafa ba ruwansa da cutar da ke jikinta, likita ne ya kamata ya gani.

Yar_Gwange:
Na gode ƙwarai, Malam wannan gaskiya ne. Zan kai maganar taronmu, ko da fom ɗaya ne mu fara da shi tsakanin mu da asibitin. Sai dai ba zan yarda a ce sai mai NIN ba, da yawansu ruwa ya tafi da takardunsu kuma ba su haddace lambar ba.