Wane suna za mu ba kayan kiɗan da Turawa ke kira harp?

'Yan uwa, tambayar ta taso ne daga wata baiwar Allah ma'aikaciya da ta fara koyon wannan kayan kiɗa bayan ta girma, tana bin darussa ta intanet da yamma in ta tashi daga aiki, kuma ta rasa sunan da za ta faɗa wa mutanen gidansu in sun tambaye ta abin da take kaɗawa. An kawo shawarwari da dama, kuma ina ganin kafin a zaɓi ɗaya ya kamata a fara sanin yadda abin yake aiki, domin a nan ne yawancin sunayen suka yi tuntuɓe.

Garaya da molo da gurmi da kuntigi duk gini ɗaya ne: ƙoƙo ko itace da aka rufe da fata, sanda ta fito daga jikinsa, tsirkiya kuma ta kwanta a kan sandar ta bi ta kan jaki, wato ɗan abin da ke ɗage ta daga kan fatar. Makaɗi yana danne tsirkiya da yatsun hannu ɗaya yana kaɗawa da ɗayan, shi ya sa Ɗanmaraya Jos ya iya fitar da sautuka iri-iri daga tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi. Shi wannan kayan kiɗa ba haka yake ba. Tsirkiyoyinsa suna tasowa ne a tsaye daga cikin akwatin sautin zuwa wuyan da ke sama, ba a danne su, kowace tsirkiya da sautinta, gajeru su ba da siririn sauti, dogaye su ba da mai kauri. Babbansa da ake kaɗawa a manyan zaurukan kiɗa tsirkiya 47 gare shi da feda 7 da ake takawa don sauya sauti, tsarin fedar da Sebastien Erard, wani Bafaranshe maƙerin kayan kiɗa, ya inganta ya yi wa rajista a Landan a 1810. Wanda masu koyo don sha'awa suka fi farawa da shi ƙarami ne, yawanci tsirkiya 22 zuwa 36, kuma maimakon feda yana da 'yan libobi a wuyansa da ake ɗagawa da hannu.

Waɗanda suka ce a kira shi garaya ko molo kawai suna da hujja, domin masu fassara Zabura zuwa Hausa da waɗannan kalmomi biyu suka yi amfani wajen kayan kiɗan Dawuda, kuma a can ma'anar ta wadatar. Amma ga mai koyo, wanda zai nemi malami ko ya yi odar tsirkiya, sunan zai kai shi ga wani abu dabam.

Sunan "garayar Turawa" shi ne na fi ƙi, saboda yana koyar da abin da ba gaskiya ba. Ko da yake Ailan ta ɗauki wannan kayan kiɗa ta yi tambarin ƙasa da shi har yana jikin kuɗinta, an zana masu kaɗa shi a kaburburan tsohuwar Masar dubban shekaru kafin haka, kuma har yau Afirka cike take da danginsa: ennanga da adungu a Uganda, ardin da mata ke kaɗawa a Muritaniya, da kora mai tsirkiya 21 ta Gambiya da Senegal da Mali, wadda ta haɗa siffarsa da ta molo. Mafi kusa da mu shi ne biram na Buduma masunta na tafkin Chadi, mai tsirkiya 5 da jiki kamar kwalekwale, wanda marigayi Malam Mamman Barka na Nijar ya je yana babban mutum ya koya wurin makaɗinsa Bukar Tar, alhali ya riga ya yi suna da gurmi, ya kuma kai shi ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2018. Wani ɗan uwa ya ce to a ɗauki biram ya zama sunan duka, kuma na so wannan shawara ƙwarai, sai dai biram sunan wani takamaiman kayan kiɗa ne mai daraja a wurin masu shi, bai kamata mu shimfiɗa shi a kan kowane iri ba har nasu ya ɓace a ciki. Ga kuma Biram ta Hausa Bakwai da za ta riƙa faɗo wa mai karatu a rai.

Hausantar da kalmar zuwa "haf" ko "hafu" ba laifi ba ne, haka muka samu jita da fiyano, amma su waɗannan jama'a sun gan su da ido kafin sunan ya zauna. Wannan kuwa mutane ƙalilan ne suka taɓa ganinsa, don haka sunan da ba ya bayyana komai ba zai taimaka ba. "Molon baka" ya dace da siffar irin na Afirka da ke lanƙwashe kamar bakan maharbi, amma a rubuce za a ɗauka da baki ake busa shi.

Shawarata ita ce molon tsaye. Na zaɓi molo a kan garaya domin sunan garaya ya manne da kiɗan maharba da na bori, molo kuma an san shi har wajen Zabarmawa da Fulani da zangunan Gana. Kalmar tsaye tana faɗin abu biyu: kayan kiɗan a tsaye yake ana jingina shi da kafaɗar dama, tsirkiyoyinsa ma a tsaye suke, ko da ƙarami ne da ake ɗorawa a cinya. Jam'insa molayen tsaye, babban ya zama molon tsaye mai feda, ƙaramin kuma mai liba.

Da wannan suna mai koyo zai iya bayanin darasinsa da Hausa ba tare da tangarɗa ba. Zai ce jajayen tsirkiyoyi su ne masu sautin "do", baƙaƙe ko shuɗɗa su ne masu sautin "fa", kuma da su ido ke gane hanya a cikin jerin. Zai ce yatsu huɗu ake amfani da su a kowane hannu, ban da ƙaramin yatsa, kuma kafin fatar yatsun ta yi kanta sai an sha zafi. Zai ce kowace tsirkiya da makulli ake saita ta, sababbi kuma sai an riƙa saita su kullum kafin su zauna. Abin da ya rage mana shi ne sunan ginshiƙin gaba da ke tokare wuya da akwati, wanda biram da ennanga ba su da shi, kuma ni dai "tokari" nake kiransa sai in wani yana da kalmar da ta fi ta.