Tantance bayanan folda a ext4 kafin a karanta su

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, malamai. Ina rubuta wata ƙaramar manhaja da harshen C wadda take karanta faifan ext4 (wani tsarin ajiye fayiloli na Linux) kai tsaye. Da na gwada ta da wata filasha da ta lalace, sai ta zarce iyakar tubalin da na ɗora a memori, ta faɗi. Na gano cewa ina ɗaukar rec_len, wato tsawon kowane bayani na cikin folda, yadda na same shi, in yi tsalle da shi zuwa bayani na gaba. Waɗanne sharuɗɗa ya kamata in gindaya?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kan kowane bayani bayit 8 ne: 4 na lambar inode (lambar da ke nuna fayil ɗin a faifai), 2 na rec_len, 1 na name_len (tsawon sunan fayil), 1 na nau'in fayil. Saboda haka kada ka taɓa rec_len sai ka tabbatar bayit 8 ɗin sun rage a tubalin. Daga nan dole ne rec_len ya kai 12, ya rabu da 4 ba saura, ya ɗauke kan da sunan duka, kuma idan aka haɗa shi da inda kake tsaye kada ya wuce ƙarshen tubalin, wanda galibi bayit 4096 ne. Lambar inode ma kada ta haura s_inodes_count, wato jimillar inode da ke faifan. Kusan haka __ext4_check_dir_entry yake yi a fs/ext4/dir.c na Linux. Sharaɗin 12 ɗin yana da wani amfani: idan rec_len ya zo sifili, manhajarka za ta yi ta zagaye a wuri ɗaya har abada.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara basira. To, idan faifan yana da metadata_csum, wato tsarin da ke amfani da lissafin crc32c don gano lalacewar bayanai, ashe wannan bai wadatar ba?

Amsa ta biyu:
Bai wadatar ba ko kaɗan. Lissafin crc32c yana kama lalacewar da ta faru bisa tsautsayi, amma wanda ya shirya faifai da mugun nufi zai rubuta rec_len na ƙarya, sannan ya lissafa crc32c da ya dace da shi, domin babu wani sirri a cikin lissafin. Irin waɗannan gurɓatattun faifai ne syzbot, manhajar da ke farautar kurakurai, yake ciyar da Linux da su, KASAN kuma, mai sa ido kan memori a Linux, yana fallasa karatun da ya ƙetare iyaka. Sai kuma abin da yake yawan kayar da mutane: sunan fayil a ext4 ba ya ƙarewa da bayit sifili, don haka ka guji strlen, mai ƙirga haruffa har sai ya tarar da sifili, ka kwafi adadin name_len kawai bayan ka tantance shi.