Hajiyarmu da kafaɗar ƙarfe: da siminti ko babu?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Hajiyarmu, shekararta 68, ta zame a banɗaki, kan ƙashin dantsenta ya fashe gida huɗu. Likita ya ce sai kafaɗar ƙarfe, irin juyayyiyar nan, ƙwallon a jikin allon kafaɗa, mazauninsa a kan dantse. Wai ƙashinta ya yi laushi, don haka da siminti irin na asibiti zai kafa sandar ƙarfen da ke shiga cikin ƙashin dantse, ba irin wadda ake dannawa ƙashi ya tsiro ya kama ta ba. Tsorona kada nan gaba ta fara girgiɗi. Wa ya taɓa gani?

Sani Direba: Hajiya, ku kai ta wajen mai ɗori, sati uku ta miƙe.

Maman Ilham: Malam Sani, gida huɗu fa na ce.

Abu Fahad: Allah Ya ba ta lafiya. Mu mun ga tasku. A 2019 muka fitar da Baba waje, aka sa masa irin ta gargajiya, ƙwallo a dantse, roba a allo. Ashe jijiyoyin da ke riƙe kafaɗar sun riga sun lalace. Ƙwallon ya riƙa hawa sama yana danne gefen robar, yau da gobe har ta saki. Shekara biyu, sai ƙas-ƙas in ya ɗaga hannu. Hoto ya nuna baƙin layi zagaye da simintin da ke riƙe robar. A aiki na biyu ƙashin ya cinye, sai da aka yi masa ciko. Gonarmu ta tafi a kan wannan. Har ya rasu bai iya sa hula da wannan hannun ba.

Nas Gashin Ƙashi: Allah Ya jiƙansa. Amma Yaya, ba laifin siminti ba ne, irin kafaɗar ce ba ta dace da shi ba. Juyayyiyar, wadda Paul Grammont ya fito da ita a Faransa a 1985, don masu lalatattun jijiyoyi aka yi ta, tsokar saman kafaɗa ke ɗaga hannun. Faifan da ƙwallonta ke zaune a kai kuwa noti ke riƙe shi kafin ƙashi ya kama. Sati shida na farko su ne abin ji: hannu a rataye, kada ta dogara da shi wajen tashi.

Abu Fahad: Ke ce likitan? Ni na yi jinya, ni na biya.

Nas Gashin Ƙashi: Ban ce ni likita ba ce, amma wajenmu ake kawo su bayan aiki.

Alhaji Kwari: Mu miliyan 9 aka ce mana kuɗin aikin bara.

Zainab K.: Ina! Ƙarfen kaɗai ai da dala ake sayo shi.

Ɗan Auta: In Hajiya za ta Umara, ta shirya, na'urar filin jirgi sai ta yi mata guɗa.

Abu Fahad: Dillalin da ya haɗa mu da asibitin, tun da ya karɓi kasonsa ya daina ɗaukar waya. Ko takardar da ke nuna sunan ƙarfen ba a ba mu ba, likitan gida ya rasa wane iri ne a jikinsa.

Zainab K.: Wallahi haka wani ya yi wa mijin yayata, har kuɗin masauki ya ninka masa.

Maman Ilham: To simintin fa? Ranar Litinin za mu koma.